Zaɓi na Biyar

Malam Ƙasimu tela ya ajiye ƙunshin a kan teburin Maharazu mai gyara, ya kwance zanen da ya naɗe shi da shi, sannan ya ja baya kamar wanda ya sauke tukunya daga murhu. Baƙin akwatin gem ne, irin wanda samari ke haɗawa da talabijin su wuni suna buga ƙwallo da yatsu. Wayoyinsa a naɗe tsaf, naɗin tela.

"Na Fa'izu ne," in ji shi. "So nake ka goge duk abin da ke cikinsa. Duka."

Maharazu ya rage ƙarar rediyo, ya miƙe tsaye. Da shi aka kai Fa'izu makwanci, don haka bai tambayi komai ba.

"Baba, ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya."

"Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta."

"Amin, amin. Na ce a goge."

Shagon Maharazu a Ƙofar Wambai yake, a matse tsakanin mai sayar da robobi da mai gwanjo. Fastocin 'yan takara sun rufe ƙofarsa, wani kan wani, har ba ka gane hular wa ke kan fuskar wa. Ciki kuwa matattun talabijin ne jere har rufi, ga ƙaurin dalma, ga fanka guda da ke juyawa a kan dole. Malam Ƙasimu ya zauna a benci, ya tattara babbar rigarsa kada ta taɓa ƙasa. Shekara da shekaru yana wucewa ta nan zuwa shagon ɗinkinsa, bai taɓa leƙowa ba sai yau.

Shi da gem ɗin nan dai ba su taɓa shiri ba, kowa a unguwa ya sani. Fa'izu babban ɗansa ne, malamin firamare, mai sallah a kan lokaci, mai kai wa uwarsa cefane ba a roƙe shi ba. Aibinsa ɗaya a wajen uban, wannan akwati. Kullum bayan la'asar sai ɗakinsa na soro ya cika da abokai, ihu da dariya har bakin titi. Abin da ya fi ci wa Malam Ƙasimu rai ba ihun ba ne. Duk ranar da ya zo wucewa ya yi gyaran murya, sai dariyar ta yanke ɗif, ya ji ana rige-rigen danna wani abu, in ya leƙa sai ya tarar da talabijin ba komai a kai, samari kowa ya sunkuyar da kai. Mutum ba ya ɓoye abin kirki, haka ya yanke a ransa. Bai taɓa tambaya ba, don yana tsoron amsar.

Sai ga wata safiya tirela ta bi ta kan acaɓan da ya ɗauko Fa'izu zuwa makaranta. Da aka dawo daga maƙabarta, Malam Ƙasimu ya shiga ɗakin soro neman tabarmi, ya tarar da akwatin a kunne, 'yar fitilarsa tana ƙyaftawa, yana gurnani shi kaɗai kamar ba abin da ya faru. Ya fizge wayar daga bango. Tun ranar abin bai sake tashi ba. Asma'u, ƙanwar Fa'izu, ta gwada ta gaji.

A zaman makoki ne yayansa Alhaji Shehu ya ja shi gefe. Ya ce duk abin da mamaci ya bari na waƙe-waƙe da hotuna da finafinai, muddin wani na kallo, alhakin yana bin sa har kabari, don haka a duba wayar yaron da sauran kayansa a share. Wayar ta murƙushe a titi, ta hutar da kowa. Saura akwatin. Maganar ta zauna wa Malam Ƙasimu a ƙirji, ko abinci ya sa a gaba sai ya ji ta. Da safen nan Asma'u ta tare shi a tsakar gida tana kuka, ta ce don Allah Baba a bari a ga abin da ke ciki tukuna. Ya ce ta ba shi hanya.

Maharazu ya jona akwatin da wata ƙaramar talabijin, ya kunna. Tambarin kamfani ya fito, ya ɓace, wani rubutun Turanci ya biyo baya, shi ke nan abin ya tsaya cak.

"Kashe shi aka yi yana tsakiyar aiki," in ji Maharazu. "Ko wuta aka ɗauke, ko an zare waya."

"An zare," in ji Malam Ƙasimu, bai ƙara ba.

"To ba mutuwa ya yi ba, ruɗewa ya yi. Bari ka gani."

Ya danna maɓallin kunnawa ya riƙe har akwatin ya mutu. Ya sake dannawa ya riƙe, ya kasa kunne, sai da abin ya yi ƙara sau biyu a jere sannan ya saki. Ya ɗauko fad, abin da ake riƙewa a hannu a yi wasan, ya haɗa shi da waya. Talabijin ta yi baƙi, layuka shida na farin rubutu suka fito, babu hoto babu kiɗa.

"Wannan ƙofar baya ce," in ji shi. "Kamfani ne ya yi ta saboda irin wannan rana. Akwai faifai a ciki inda ake ajiye komai, wasanni da hotuna da duk abin da mai shi ya zuba. Amma wannan ɗan shirin ba a kan faifan yake zaune ba, yana can gefe a jikin injin. Shi ya sa ko faifan ya hargitse, shi yana tashi."

Maharazu mutum ne mai son bayani, ko fanka ka kawo masa sai ya ba ka tarihinta. Ya ɗora yatsa a kan gilashin.

"Na ɗaya, a kashe a sake kunnawa, ba ruwanmu da shi. Na shida sabunta shiri ne, shi ma ba namu ba. Na biyu yana mayar da saiti yadda ya fito daga kamfani, agogo, yare, ƙarfin hoto, irin waɗannan. Kamar ka mayar da keken ɗinkinka kan saitinsa na asali ne, Baba. Yadin mutane ba abin da ya taɓa shi."

"Wato ba ya gogewa."

"Ko kaɗan. Mutane da yawa suna danna shi su sayar da gem, su zaci sun share, alhali komai na nan. Na uku yana bin faifan yana duba inda ya yage, ya ɗinke abin da zai ɗinku, abin da ya lalace ya yar. Na huɗu kuma, ka ga ƙullin yadin da ake kawo maka, kowanne da 'yar takardar suna a maƙale? To a ce iska ta kwashe takardun. Kayan na nan, amma ba ka san na wane ne wane ba. Abin da ya sami wannan ke nan, a ganina. Na huɗu zai kwance kowane ƙulli, ya duba, ya sake maƙala masa suna. In na haɗa na uku da na huɗu, in sha Allahu kafin ka sha ruwa ya tashi, ka ga komai da idonka."

"Na biyar fa?"

"Na biyar shi ne kwashe shago gaba ɗaya. Shi ma iri biyu ne. Akwai na gaggawa, wanda takardun sunan kawai yake yagewa ya ce shago ba kowa, kayan kuwa suna kwance a ƙasa sai sabo ya zo ya danne su. Akwai cikakke, wanda yake bin faifan tun daga farko har ƙarshe yana rubuta babu a kan kowane gurbi. Wannan yana cin lokaci. In ya gama, ko wanda ya ƙera injin bai isa ya dawo da komai ba."

"Shi nake so."

Maharazu ya sosa ƙeya. Ya dubi dattijon, ya dubi akwatin.

"Baba, da ka bari na tashe shi tukuna. Ka duba, in akwai abin da ba ka so, mu cire shi kaɗai. Wataƙila akwai hotunan gida. Kuma kada ka ce a zare faifan a ajiye, ba ya karantuwa a wani injin, da wannan kaɗai aka ɗaura masa aure. In aka goge, an goge."

Mai robobi ya leƙo yana neman canji, wasu yara biyu sun tsaya a bakin ƙofa suna kallon talabijin ɗin. Malam Ƙasimu ya dube su. Nan, a tsakiyar Wambai, a gaban mai robobi da 'ya'yan mutane, za a buɗe abin da ɗansa yake kashewa in ya ji takunsa? Tsoro yake ji, tsoro tsagwaronsa, kada ya ga abin da zai ɓata masa fuskar Fa'izu har ya mutu.

"Maharazu," ya ce a hankali, "ni na yi wa yaron nan wanka. Da zane a kansa na yi, ban ɗaga ba. Ba zan zo kasuwa in ɗaga ba. Abin da ya rufe, a bar masa a rufe."

Maharazu bai sake musu ba. Ya kori yaran, ya sauko da alamar zuwa layi na biyar, ya zaɓi cikakke. Injin ya yi tambaya, ya sake yin wata.

"Yana tambaya ko ka tabbata. Sau biyu yake tambaya."

"Ka ce masa na tabbata."

Wani siririn layi ya fito a tsakiyar gilashin, ya fara cika daga hagu, a hankali kamar tafiyar tururuwa. Maharazu ya fita ya tayar da janareta, ya ce kada a ɗauke wuta a tsakiya a koma gidan jiya. Malam Ƙasimu ya sauke ajiyar zuciya. Wallahi sauƙi ya ji, irin wanda bai ji ba tun ranar da aka zo masa da labari. Ya ciro carbi.

Aka kira azahar, suka je suka dawo, layin bai kai rabi ba. Maharazu ya ce ya tafi shago, in an gama zai aika. Malam Ƙasimu ya ce yana nan. Ya zauna yana kallon layin kamar mai jiran a gama haƙa kabari.

Wajen la'asar acaɓa ya tsaya a ƙofar shagon da ƙarfi. Sabo ne ya diro, aminin Fa'izu tun suna makarantar allo, yanzu magidanci mai shagon atamfa a kasuwar Kwari. Gumi ya jiƙa masa riga. Ya durƙusa ya gai da Malam Ƙasimu, amma idonsa na kan talabijin.

"Asma'u ce ta kira ni, na je Dawanau, sai yanzu na ga kiran. Maharazu, me ka danna?"

"Na biyar."

"Innalillahi! Tsayar da shi!"

"Ko na tsayar ba abin da za ka samu. Sunayen ya fara yagewa tun kafin azahar, yanzu ya cinye fiye da rabi. In na kashe, ba tsohon ba sabon."

Sabo ya zauna daɓas a ƙasa, a kan tarkacen wayoyi, ya dafe kai. Malam Ƙasimu ya ji haushi ya taso masa. Ga shi nan, ai dama ya sani, har da abin da za a yi wa kuka.

"Kai Sabo, ba na son jin ko mene ne. Na rufa masa asiri, ku ma ku rufa."

"Wane asiri, Baba?"

"Abin da kuke kashewa in na zo wucewa. Ka ɗauka ban lura ba?"

Sabo ya ɗago. Sai ga dariya da hawaye sun zo masa tare, abin ba kyan gani.

"Baba, ƙwallo ce. Wallahi tallahi ƙwallo ce kawai. Babu fim ko ɗaya a ciki, shi da ko waƙa ba ya sawa." Ya share fuska da hannun riga. "A cikin wasan ana iya ƙirƙirar ƙungiya, ka zana 'yan wasa da kanka, fuska da tsawo da suna. Fa'izu ya fi shekara yana haɗa tamu. Mazugal ya sa mata, sunan unguwarmu. Duk 'yan layinmu suna ciki. Ni ne lamba tara. Mai shayin bakin masallaci yana baya, har da tumbinsa. Ladan yana gefen dama, wai don ya fi kowa numfashi."

"Har da ni a benci," in ji Maharazu, murya ƙasa-ƙasa. "Ya taɓa gaya mini. Na ɗauka zolaya ce."

"To me ya kawo ɓoyo?" in ji Malam Ƙasimu.

Sabo ya sunkuyar da kai, irin sunkuyon nan dai na ɗakin soro.

"Kai ne gola, Baba."

Janareta na ta ruri a waje. Malam Ƙasimu ya daina jan carbin.

"Ni?"

"Kai. Da furfurar gemunka da tabon goshinka, ya kwana biyu yana gyara hancin kaɗai. Kyaftin ya so ya ba ka a tsakiyar fili, sai ya ga duk 'yan wasa gajeren wando suke sawa. Mai tsaron gida ne kaɗai ake iya sa wa dogo. Ya ce shi ba zai sa Baba gajeren wando a gaban mutane ba, ko a talabijin ne. Shi ya sa ya kai ka raga. Kuma kunyarka yake ji, ya ce in ka gani zai bar garin. In muka ji gyaran muryarka sai mu kashe."

Malam Ƙasimu ya dubi gilashin. Layin ya wuce rabi da nisa, yana ta cinyewa abinsa, ba gaggawa ba fashi. Abin da ya ji baƙin ciki ne, ba wani suna gare shi ba. Da hannunsa ya naɗo abin, da bakinsa ya ce ya tabbata.

"Ina kamawa?" ya tambaya daga baya.

"Na'am, Baba?"

"Ƙwallon. Ina kamawa, ko zura mini ake yi?"

"Kai, Baba! Wa ya isa? Duk ƙarfin da wasan ya yarda a ba mutum sai da ya cika maka shi har baki. Tsalle, gudu, ido, komai. Mun sha faɗa da shi a kan haka, muka ce maguɗi ne. Ya ce ba maguɗi ba ne, haka kake."

Mai robobi ya sake leƙowa, ya ga fuskokinsu, ya koma.

Sun yi la'asar a masallacin kasuwa. Da suka dawo layin ya kusa bango, suka zauna su uku suna kallonsa har ya cika. Akwatin ya mutu da kansa, ya sake tashi. Tambarin kamfani ya fito da wani ɗan kiɗa mai taushi, sabo fil kamar yau aka ciro shi daga kwali. Ya nemi a zaɓi yare, Maharazu ya zaɓa. Ya nemi kwanan wata, ya sa masa.

"Sabo," in ji Malam Ƙasimu, idonsa na kan gilashin, "shi a ina ya sa kansa? Gaba ko baya?"

"Bai sa kansa ba, Baba. Shi ne mai riƙe da fad."

Wani fili ya fito a talabijin, fari, da ɗan layi yana ƙyaftawa a farkonsa. Maharazu ya juyo.

"Yana tambayar sunan mai shi. In sayarwa za a yi ko bayarwa, sai in bar shi haka, wanda ya karɓa ya sa nasa."

Malam Ƙasimu ya ɗauki zanen da ya kawo akwatin a ciki, ya kakkaɓe shi, ya shimfiɗa a cinyarsa, ya daidaita gefe da gefe.

"Kana tune da su duka?" ya ce wa Sabo. "Mai shayi da ladan da sauran?"

"Ina tune. Sai dai hannuna bai kai nasa ba. Fuskokin ba za su fito daidai ba."

"Ka zo ranar Juma'a bayan la'asar. Ɗakin na nan yadda yake. Asma'u tana da hotonsa na makaranta, sai ka duba ka zana. Ka sa shi a baya, kusa da raga, inda zan riƙa ganinsa."

"To, Baba."

"Kuma dogon wando za ka nema masa."

"Gola kaɗai ake ba wa, Baba."

Malam Ƙasimu ya ninka zanen biyu.

"To ka ba shi ragar. Ni ka sa ni a benci kusa da Maharazu."

Maharazu yana riƙe da fad, yana jira, ɗan layin na ta ƙyaftawa a cikin farin filin. Malam Ƙasimu ya gyara zama, ya matso kusa da talabijin ɗin.

"Rubuta Fa'izu," ya ce.